Kallabin Tabawa da Tafkin Sarki

An yi wani sarki a Birnin Dagwalle ana ce da shi Haliru, mutum ne mai haƙuri da kunya, ba ya son zalunci, sai dai Allah ya jarrabe shi da begen mahaifinsa, har ya kai ko sunan marigayin aka ambata a fada sai ka ga ya sunkuyar da kai idonsa ya cicciko. Mahaifin nan nasa shi ne ya sa aka haƙa babban tafkin da ke gabas da gari a wata shekarar fari, jama'a suka tsira daga ƙishirwa, tun daga nan ake kiransa Tafkin Sarki. Duk yammacin Juma'a Sarki Haliru yakan je bakin ruwan ya zauna, sai rana ta yi ja ya koma gida.

Garin kuwa yana da wata musiba da aka saba da ita har aka daina kiranta musiba, ita ce kurkunu. Da ruwan farko ya sauka, daidai lokacin da ake bukatar kowa a gona, sai ƙafafu su kumbura, ƙurji ya fashe, farar tsutsa mai kama da zare ta leƙo, a dinga naɗe ta a tsinke kullum kaɗan-kaɗan, mutum ya yi wata biyu ko uku a kwance ciyawa tana cinye masa gona.

A cikin Unguwar Masaƙa akwai wani dattijo mai ba da magani, Malam Isiyaku, da matarsa Tabawa, shekara arba'in suna tare, ba su da ɗa raye, sai junansu. Malamin nan yana da wata ɗabi'a da ke ba mutane dariya, wato ba ya yarda da abu sai ya ƙirga shi. Shekara tara yana bin gida-gida yana tambayar inda aka sha ruwa bara da wanda ya kwanta bana, yana rubutawa, har ya gano cewa masu rijiya a cikin gida ba sa yin kurkunu, masu shan tafki kuwa su ne ke kwanciya. Da ya zuba ruwan tafkin a farar tasa ya ɗaga ta a rana, sai ya ga waɗansu 'yan ƙwari ƙanana suna zillo a ciki, da ya tace ruwan da ƙyalle mai matsattsiyar saƙa sai suka tsaya a kan ƙyallen. Ya gwada a gidansa da gidajen maƙwabta uku, shekara ta zagayo babu wanda ya kwanta. Sai ya ɗauki takardunsa ya nufi fada yana murna, a zatonsa albishir ya kai.

Ya manta da Waziri Mudi. Wazirin nan shi ne ya tsaya a kan aikin haƙar tafkin a zamanin marigayi, da wannan ya sami rawani, kuma shekara da shekaru yana gaya wa baƙi cewa ruwan nan waraka ne ga kowace cuta. Ni dai abin da na ji shi ne, bai taɓa kurɓarsa ba, domin yana da rijiya biyu a gidansa. Da Malam ya gama bayani, Waziri ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ni ban san ƙwaro ba, ban san ƙyalle ba, abu guda na fahimta, wato mutumin nan ya shigo gabanka yana cewa mahaifinka ya haƙa wa talakawansa ramin cuta. Idan wannan magana ta fita kasuwa, me zai saura na sunan marigayi?"

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo da zance kan marigayi ba, Allah ya jiƙansa, na zo da zance kan ƙwaro. Ga tasa, ga ruwa, a duba."

Ba a duba ba. Sarki ya riga ya ji an taɓa masa inda yake ciwo, ya kau da kai, ya bar wa Waziri hukunci. Kafin la'asar an ƙone takardun shekara tara a ƙofar fada, an yi shela cewa duk wanda aka kama yana tace ruwan Tafkin Sarki ya ci mutuncin marigayi, kuma za a kore shi daga ƙasa. Malam aka ba shi kwana ɗaya ya fita.

Tabawa ta ɗaure kayanta za ta bi shi, ya hana ta. Ya ce, "Takarda suka ƙone, abin da ke cikinta kuwa ke kin san shi, don ke kika riƙe mini tasa. In muka tafi tare ya tafi ke nan." Ta ce, "To ni wa zan dafa wa tuwo?" Ya ɗauki sandarsa. Ta raka shi har ƙofar gari, ta tsaya tana kallon bayansa har ya shige cikin dorowoyi, ta koma gida ita kaɗai.

Kewa ta kama tsohuwar nan ƙwarai, ba ta kuma ɓoyewa. Takan auna garin mutum biyu ta manta, sai ta tuƙa tuwon sannan ta tuna, ta zauna tana kallon tukunya. Buzunsa yana nan inda ya bar shi, kullum ta kaɗe masa ƙura. In fatake suka sauka a zango sai ta dogara sanda ta je ta tambaya ko sun ga wani dogon tsoho mai yawan tambaya, wani ya ce ya ji labarinsa a gabas, wani ya ce a'a, arewa ne. Ta san cewa muddin dokar nan tana nan ba za ta sake ganinsa ba, ga shi kuma dukansu biyu sun kusa gangara.

Amma Waziri ya yi wani kuskure irin na wanda bai taɓa ɗaukar tulu ba. Ya zuba dogarai a bakin tafki suna lura da masu ɗiba, ya manta cewa ba a bakin tafki ake shan ruwa ba, a randa ake sha, randa kuwa tana can cikin gida wajen mata, inda ko dogari ya kai ina da jar riga iyakarsa zaure. Tabawa ta shiga bin gidajen suna da na biki da farar tasar nan a cikin zanenta. Ba ta gardama da kowa, ba ta zagin Waziri. Sai ta ce wa matar gida, "'Yar nan, ara mini kallabinki," ta shimfiɗa shi a bakin randa, ta juye tulu, ta wanke abin da ya tsaya a kai a cikin tasa, ta ce, "Matso ki gani da idonki, kada ki ce ni na faɗa miki." Wata ta gani ta yi salati, wata ta gani ta ce ita dai tana tsoron kora. Matan Unguwar Masaƙa duka suka karɓa, mazansu suka saƙa musu kallabai masu matsi, suka kuma sha mita har suka saba tafiya gona da gora daga gida. Unguwar Marina ta rabu biyu, sauran unguwanni suka ƙi. Tabawa ta ce kowace unguwa ta ajiye ƙwarya, duk wanda ya kwanta da kurkunu a jefa masa ƙwallon tsamiya guda, domin haka mijinta zai yi da yana nan.

Aka yi shekara, aka yi biyu, damina ta uku ta zo. Al'adar Dagwalle ce a noman farko kowace unguwa ta fito gayya a gandun sarki, shi kuma ya zauna ƙarƙashin gawo yana sa albarka. A shekarun baya ana cakuɗa jama'a ne, bana kuwa aka raba kunyoyi unguwa-unguwa don a ga gwanaye. Sarki ya duba ya ga abin mamaki. Masaƙa, waɗanda kowa ya san ba su iya riƙe fartanya ba, sun fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu har sun kai ƙarshen kunya, Marina rabinsu ne suka zo, manoman asali kuwa na Unguwar Gabas daga mai ɗingishi sai wanda ya aiko da uzuri.

Washegari sarki ya tara fada ya ce, "Sama ɗaya ta rufe mu, tafki ɗaya ake sha, me ya sa wata unguwa ta zo mini da ƙafafunta wata ta zo da sanduna? Na ba da kwana uku, wanda ya warware mini wannan zan cika masa muradinsa."

Waziri ya ce ba sai an kwana uku ba, asiri ne korarren malamin nan ya binne a unguwarsu, ya kawar da cutar zuwa kan bayin Allah. Masaƙa suka ji, suka taru a ƙofar mai unguwarsu suna shawara, domin faɗin gaskiya yana nufin amsa laifin da hukuncinsa kora ne. Tabawa ta ce ita za ta je ita kaɗai, in an kore ta ma ai gaba ta kai ta. Mai unguwa ya ce, "A'a, Iya. In ke kaɗai kika je, za a ce tsohuwa ce kewar miji ta ruɗa. In muka je duka, sai a ga yadda za a kori gari."

Ran kwana na uku fili ya cika a ƙofar fada, maza a gaba, mata a baya, kowace da kallabinta na tacewa a hannu. Aka shigar da Tabawa, ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta jera ƙorai a gaban sarki. Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ba malama ba ce, ko baƙi ban sani ba, amma na iya ƙirga. Kowane ƙwallon tsamiya mutum ne da ya kwanta bana. Ga ƙwaryar Masaƙa, guda huɗu, su ma masu taurin kai ne da suka sha a hanya. Ga ta gidajen Marina da ke tacewa, biyu, ga ta waɗanda ba sa yi, talatin da ɗaya, alhali katanga ce kawai tsakaninsu. Ga ta Gabas, ta cika har mun ƙara wata. Mun karya dokarka shekara uku, mu ne a waje, ba wanda ya ɓuya."

Waziri ya ce, "Wa ya san ko ita ta zuba tsamiyar da hannunta?"

Ta ce, "Gaskiyar Waziri, kada a yarda da ni. A aika a kira sunayen, ƙafafunsu suna nan. In kuma ana son abin da ya fi sauri, a ɗebo ruwan tafki yanzu, sarki ya ara mana gefen rawaninsa."

Ba a taɓa jin an nemi aron rawanin sarki ba. Amma sarki ya dube ta, sannan ya warware gefen rawanin da hannunsa. Aka tace, aka wanke a farar tasa, aka fita da ita rana, ya sunkuya ya duba, ya ga 'yan ƙwarin suna zillo. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce a hankali, "Ashe mahaifina cuta ya bar musu."

Tabawa ta ce, "Subhanallahi, ranka ya daɗe, kada ka faɗi haka. Ina cikin waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka ranar da aka fara haƙa, na ga mahaifinka ya tuɓe alkyabba ya karɓi kwando. Ba don tafkin nan ba da babu wanda zai tsaya gabanka yau. Ruwa ya ba mu, ƙwaro daga baya ya shiga, kuma da yana raye aka nuna masa tasar nan, wallahi da shi zai fara neman ƙyalle. Na san kana kewarsa, domin ni ma na san yadda kewa take. Amma kai naka ya tafi inda ba a dawowa, ni nawa magana ɗaya daga bakinka za ta dawo da shi."

Sarki ya yi hawaye a gaban jama'a bai ji kunya ba. Nan take ya soke dokar, ya sa a yi shela kowane gida ya tace ruwa, mai kurkunu kuma kada ya sa ƙafa a tafki ya zuba cutar a ciki, a ɗebo masa. Ya sauke Mudi daga waziranci, ya ce ya zauna gida ya sha rijiyarsa. Masaƙa ya yafe musu gayya har abada, Tabawa kuwa ya ce ta faɗi muradinta, ko gida ko gona. Ta ce gidan da take ciki ma ya yi mata yawa, a nemo mata tsohonta kawai.

Manzanni suka bazu, sai bayan kwana arba'in aka same shi a wani ƙauye yana yi wa mutanensa tambayoyi. Ranar da ya iso Tabawa tana ƙofar gari tun hantsi. Aka sauko da shi daga kan jaki, ya rame, gemu ya yi fari fat, ya tsaya yana kallonta, can ya ce, "Tabawa, mutum nawa suka kwanta a unguwa bana?"

Ta ce, "Huɗu. Shekara uku ban gan ka ba, Malam, abin da za ka fara tambayata ke nan?" Sai kuka ya ƙwace mata, ta kama hannun rigarsa ta riƙe, ba ta sake shi ba har suka kai gida.

Ku sani, ya ku masu karatu, mai mulki yana iya korar masani ya ƙone takardarsa, amma ba ya iya korar abin da talakawa suka gwada da hannunsu suka tsaya a kansa tare. Adalcin sarki kuwa yana farawa ne daga ranar da ya yarda ya sunkuya ya dubi abin da ba ya son gani.