Manomin da Yake Dukan Kik da Guduma

Akwai wani manomi mai tsohuwar tarakta, wadda ya gāda daga mahaifinsa. Taraktar tana da ƙarfi kamar bijimai goma, amma tana da hali ɗaya. In ya murɗa makulli, sai kik, wato ɗan injin nan da ke tayar da babban, ya ce ƙas, ya yi shiru.

Manomin kuwa bai damu ba, gama yana da dabaru biyu. Ta fari, wata ƙaramar guduma da yake ajiyewa ƙarƙashin kujera. Yakan sauka ya zuba wa kik duka biyu ko uku, wani lokaci ya tashi, wani lokaci ya ƙi. Ta biyu, kullum a kan tudun bayan gidansa yake kwanar da taraktar, hancinta na kallon gangare. Da safe sai ya sake ta ta gangara, ya sa giya, ta yi tari ta kama. Har yakan kira masu wucewa su zo su ga ikonsa.

Wata rana wani bakanike ya biyo ta wurin, ya leƙa, ya ce, "Maigida, ka daina dukan kik ɗin nan, lafiyarsa ƙalau. Kan batir ne ya yi farin tsatsa, waya ta yi sako-sako, wuta ba ta wucewa. Kankare shi ka ɗaure, shi ke nan."

Manomin ya tuntsire da dariya, ya ce, "Wane batir? Ni da tuduna mun ishe ta." Matarsa tana sheƙar dawa a gefe, tana jin su.

Da kaka ta yi, suka gangara fadama kwasar shinkafa, shi da matarsa. Shinkafar nan kuwa ita ce abincin gidansu na shekara. A fadama ba ya taɓa kashe inji, don ya san can babu tudu. Sun ɗora buhu goma sha biyu a tirela, saura babban tsibi guda da ba a buga ba, sai matar ta miƙe tsaye.

"Baban Rifkatu, dubi gabas!"

Ashe mafarauta sun sa wa daji wuta don korar gafiya, iska kuma ta juyo da ita. Hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, ciyawa tana fat-fat. Manomin ya yi tsalle ya hau, garin sauri ya saki kuloci gaba ɗaya da kaya mai nauyi a baya. Tarakta ta zabura sau ɗaya, ta mutu.

Ya murɗa makulli. Ƙas.

Ya diro da guduma, ya yi ta bugun kik har gumi ya rufe masa ido. Ya hau, ya murɗa. Ƙas. Ya duba hagu, ya duba dama, fadama shimfiɗe kamar tabarma, ko sūrin gara babu. Toka mai zafi ta fara sauka a kan buhuna.

"Zo mu tura!" in ji shi.

"Mu biyu, da buhu goma sha biyu? Buɗe mini batir."

"Maman Rifkatu, me kika sani a inji?"

"Ranar da kake dariya, ni ina ji. Buɗe!"

Ya buɗe. Ta zare wayar da yatsu biyu kawai, don dama ba ta riƙe kome ba. Ta sa bakin lauje ta kankare farin tsatsan har ƙarfe ya fito yana ƙyalli, wuta kuwa ta riga ta kama bakin gona. Ta mayar da wayar, shi kuma ya ɗan ƙwanƙwasa ta da guduma a hankali har ta zauna daram. Ya jefar da gudumar, ya hau, ya murɗa.

Inji ya yi ruri.

Suka fita da buhu goma sha biyu, hayaƙi na binsu. Tsibin da ba a buga ba kuwa, wuta ta cinye shi ƙurmus. Washegari da manomin ya koma, abin da ya tarar a cikin toka shi ne kan gudumarsa, ƙotar ta ƙone.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Batir shi ne ikon Ubangiji, ba ya ƙarewa. Kik shi ne zuciyarka. Wayar da ke tsakaninsu ita ce addu'a da karanta Maganar Allah, farin tsatsan kuwa zunubin nan ne da ka bari yana taruwa kaɗan-kaɗan. Guduma ita ce ɗora laifi: fasto bai iya wa'azi ba, mata ta cika surutu, Allah ya yi jinkiri. Tudu kuma shi ne taron Lahadi. Akwai waɗanda in ba zumuntar mata ta buga ganga ta tura su gangare ba, ko "Amin" ba ya fitowa daga bakinsu. Kada ku waiwaya, na san inda kowa yake zaune.

Amma wahala ba ta samun mutum a kan tudu. A fadama take samunsa, ran Laraba da rana tsaka, babu mai turawa. Manomin nan Allah ya yi masa jinƙai, duk da haka tsibi guda ya tafi a kan aikin da bai kai tafasar ruwan shayi ba. Saboda haka yau ɗin nan, kafin ka ci tuwo, shiga ɗaki ka durƙusa ka kankare naka, tun hayaƙi bai taso daga gabas ba.