Ɗingishin da Bogumil Ya Ara

An yi wani mutum a ƙasar Poland, can inda sanyi ke daskarar da kogi har a taka a wuce, sunansa Bogumil. Na ga wasunku sun fara kallon juna, wai me ya kai Malam ƙasar Turawa. Ku dai saurara, ku bari in kai ƙarshe.

Wannan bawan Allah marubuci ne, littattafan labari yake rubutawa. Ba shi da girman kai ko kaɗan. In ya je ƙauyensu, shi ke faskara wa mahaifiyarsa itace, shi ke share mata ƙanƙara a ƙofar gida. Littattafansa na farko ba su yi kasuwa ba, bai kuma damu ba. Sai ya zo ya rubuta wani a kan abin da ya faru a ƙauyen lokacin babban yaƙi. Wani mutum da matarsa da 'ya'yansu sun ɓuya a ɗakin ajiye ciyawa, maƙwabci ya je ya nuna wa sojojin mamaya, aka fito da su aka harbe.

Wanda ya nuna ɗin kakan Bogumil ne, mahaifin uwarsa. Uwar ce ta faɗa masa tana kuka, a waje kuwa ba wanda ya sani.

To, marubuta suna da wata dabara. Sukan ɗauki aikin wannan, su haɗa da kamannin wancan, su fitar da mutum ɗaya, kuma ba sa ganin laifin haka. Bogumil ya sauya sunaye, ya sauya sunan ƙauyen. Da ya zo kan mugun labarin, bai so ya kama da kakansa, sai ya tuna da wani mai injin niƙa da ya sani yana yaro, Ignacy, mai ɗingishi, wanda ya daɗe da rasuwa. Ya ari ɗingishin, ya ari injin, ya ɗora wa mugun. Ya ce a ransa, ai ƙage ne, wa zai damu?

Littafi ya fito, ya yi tashe, aka fassara shi harsuna da yawa. Aka sanar cewa ya ci wata babbar kyautar adabi. Amma fa ƙauyen nan mai niƙa ɗaya ya taɓa yi, kuma tsofaffi ba su manta da tafiyarsa ba.

Mutanen ƙasar suna da al'ada, a farkon lokacin sanyi sukan fita maƙabarta su share kaburburan iyayensu, su kunna kyandir. Bogumil ya zo ya raka uwarsa. Kabarin kakansa fes, kyandirori na ci. Can gefe sai ya hango wata tsohuwa durƙushe da tsumma, tana ta goge baƙin fenti daga dutsen kabari. Genowefa ce, 'yar Ignacy. Abin da aka rubuta a dutsen shi ne: maci amana.

Ya matsa ya ce, "Pani Genowefa," haka suke girmama mace, "wa ya yi wannan?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai za ka tambaye ni, Pan Bogumil? Mai burodi ya daina amsa gaisuwata. A coci in na zauna, sai benci ya zama nawa ni kaɗai. Jikata in za ta makaranta, yara na binta suna ɗingishi. Duk ba wannan ya dame ni ba. Ina jaririya aka yi abin nan, ban san komai ba. Kai kuma an ce ka yi bincike. Faɗa mini, babana ne? In shi ne, in daina gogewa."

Jama'a, kun ji? Ya sa 'ya ta fara zargin uban da ya goye ta. Bogumil ya dube ta. Ya ce, "Ba shi ba ne."

"To wane ne?"

Ya waiwaya, ga uwarsa can tana gyara kyandir. Sai ya juya ya koma wurin uwar.

Da suka koma gida ya zaunar da uwarsa, ya gaya mata abin da zai yi. Ta kama hannunsa ta ce, "Ɗana, ka bari in mutu tukuna. Ba zan daɗe ba."

Ya ce, "Mama, ita ma tsohuwa ce. In na jira ki, ita fa?"

Ta saki hannun. Ta ce, "In ka buɗe baki, kada ka sake taka mini ƙofa."

Ranar ba da kyauta zauren ya cika da manyan marubuta da 'yan jarida. Aka miƙa masa abin magana, ana jiran godiya. Sai ya ce, "Mutumin da ya nuna mutanen nan ba mai niƙa ba ne, ba shi da ɗingishi. Kakana ne. Na ari ƙafar mamaci na rufa wa gidanmu asiri." Ya bar kyautar a kan tebur, ya sauka.

Kuna zaton an tafa masa? Jaridu suka ce talla ce, littafin ma ya ƙara kasuwa. Ya hana a sake buga shi, amma wanda ya riga ya shiga hannun mutane ya shiga. Ya koma ƙauyen yana bin gida gida, yana maimaita maganar. Mai burodi ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Mun ji, Pan Bogumil. Amma a littafin ai gurgu ne." Mahaifiyarsa ta rasu ba ta sake yi masa magana ba, wannan kuma ya ci shi har ƙarshen ransa. Bai ƙara fitar da littafi ba.

Wata rana ya je wurin Genowefa ya ce, "Pani, na kasa. Ba su yarda da ni ba."

Ta dube shi ta ce, "Su ta shafa. Ni na yarda. Yanzu in na tuna babana, ba na jin tsoro."

Abin da ya samu ke nan, jama'a. Ya rasa uwa, ya rasa suna, ya rasa sana'a, don tsohuwa ɗaya ta samu ubanta. Ni kuwa ina ganin bai yi asara ba.

Darasin a fili yake: kada ka wanke gidanku da mutuncin wani, in kuwa ka riga ka yi, ka fito ka gyara ko me zai ci maka. Ku ba marubuta ba ne, amma kowannenku yana ba da labari, a bakin kasuwa, a majalisa, a waya. Kuna ƙara gishiri don ya yi daɗi, kuna jingina shi ga wane saboda ba ya nan. Wane ɗin yana da 'ya'ya, kuma za su ji. Wanda ya san ya aikata, ya tashi yau ya koma wurin waɗanda ya faɗa wa, ya ce ƙarya na yi, tun wanda ya ɓata wa suna yana da rai. Allah ya tsare mana harsunanmu.