Aljanin da Ke Sauraren Daka

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan duwatsun da fatake ke juyowa a gindinsu, an yi wani sarki a Birnin Marmaro ana ce da shi Sarki Tunau, mai rumbuna kamar tuddai da fada mai soraye iya ganinka. Amma duk wannan daula ba ta hana mutuwa shiga turakarsa ba. Ta ɗauke matarsa Ladidi, wadda duk da tarin kuyangi ba ta taɓa yarda wani hannu ya daka wa mijinta fura ba sai nata.

Tun da aka binne ta, sarki ya ƙi jinin ƙarar taɓarya, don duk bugu ɗaya a ƙirjinsa yake sauka. Ya sa aka yi shela cewa kada a ƙara daka a birnin, mai son gari ya niƙa a dutse. Sa'an nan ya shige soronsa ya ja ƙofa. Baƙin cikin talaka a ɗakinsa yake tsayawa, na sarki kuwa sai gari duka ya taya shi ɗauka.

Wadda abin ya fi ci ita ce 'yarsa tilo, Gimbiya Hansatu. Ta rasa uwa a kabari, ta rasa uba yana da rai. Kullum da safe takan durƙusa a ƙofar soron ta ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?" Sai ta ji gyaran murya, shi ke nan amsar. Ba ta son gwal, ba ta son alharini, so take kawai mahaifinta ya buɗe ƙofa ya dube ta.

Wata rana da hantsi, tana durƙushe a wurin, sai kaji suka ɗauki kyarkyara, dawaki suka tsinke igiya. Ƙasa ta yi wani gurnani daga can ciki, ta girgiza. Randuna suka fashe, azara ta riƙa zubowa, katanga ta dare gida biyu. Kuyangi da fadawa, masu rantsuwar mutuwa tare da sarki, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Kafin ƙura ta lafa, fadar nan ta zama kango, ba kowa sai Hansatu da sarki a cikin soronsa.

"Baba!" ta yi kira, ta manta da duk wani ladabin fada. "Baba, fito, soron zai faɗi!"

Daga ciki sarki ya ce, "Tafi ki tsira da ranki. Ni in ya faɗi, ya hutar da ni."

Ta juya tana kuka, sai ta ga tsakar gida ta tsage, ga matakala ta gangara cikin duhu. Da yake wanda ya rasa kome ba ya tsoron rami, ta bi ta. Ta ratsa jar ƙasa da baƙa, ta ƙetare wani kogi marar motsi, har ta iske wani tsohon aljani makaho, gemunsa ya saje da saiwoyin itatuwa, ga birnin gaba ɗaya ɗore a kafaɗunsa.

Ta yi sallama, ta ce, "Ya kai dattijon ƙarƙashin ƙasa, me muka yi maka kake rushe mana gida?"

Aljanin ya yi ajiyar zuciya, tsakuwa ta zubo. Ya ce, "Ashe da sauran mai rai a sama! Ya ke 'yar mutane, sunana Dungurmi. Tun kafin a haifi kakannin kakanninki nake ɗauke da birnin nan, ba ni da ido, ba ni da abokin hira. Dakan matanku shi ne gaisuwata. Da shi nake sanin gari ya waye, da shi nake sanin wahalata tana da amfani. Da na ji shiru ya yi tsawo, sai na ce duk sun mutu, wa nake ɗaukar wa kaya? Ɗazu kafaɗa ɗaya kawai na motsa. Da faɗuwar rana zan sauke gaba ɗaya."

Tausayinsa ya kama ta, don ta san ɗacin gaisuwar da ba a amsawa. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Kaka. Yanzu zan koma in daka maka."

Ya ce, "Taɓarya ɗaya ba ta isa ba, wannan kukan maraici ne, ni ma ina da irinsa. Lugude nake so in ji, hannu biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauka wannan ta tashi. Sai na ji haka zan yarda akwai gida a kaina."

Hansatu ta hau, ta tono turmin mahaifiyarta daga ɓaraguzai, ta mirgino shi har ƙofar soron, ta ajiye taɓarya guda a bakin ƙofa. Ta faɗa wa sarki duk abin da ta gani ta bayan ƙofa. Sai ta zuba gero ta soma daka ita kaɗai. Rana ta karkata, ƙasa ta soma rawa a hankali, tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, ba ta daina ba.

"Na ce ki gudu!" in ji sarki.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in gudu wurin wa? Kai kaɗai ka rage mini."

Can sai ƙofa ta yi ƙara. Sarki Tunau ya fito a rame, ba rawani, ya dubi hannun 'yarsa yana jini. Ya sunkuya ya ɗauki taɓarya, abin da ba a taɓa jin wani sarki ya yi ba. Bugunsa na farko gefen turmi ya samu, na biyu ya watsar da gero, don sarauta ba ta koya wa mutum daka. Hansatu ta sassauta hannu har ya kama kiɗan. Suka yi ta yi, hawaye na zuba a cikin gero, har ƙasa ta yi tsit kamar jaririn da aka goya.

Mutane suka dawo suna sunkuyar da kai, aka janye doka, magina suka ta da fada sabuwa. Bayan kaka, ɗan Sarkin Gabas, Yarima Ɗanjuma, ya nemi auren gimbiya, ita ma ta ga ya kwanta mata, aka ɗaura. Ranar tafiya sarki ya sa aka kira angon. Fadawa suka kasa kunne su ji garuruwan da za a ba shi.

Sarki ya kama hannunsa ya ce, "Ɗana, abu ɗaya nake roƙonka. Kome nauyin abin da ke ranka, in ta yi maka magana, ka amsa."