Furen da Nabawiyya ta ɗinka a kife

Akwai wani dattijo a nan Alƙahira, Usta Shahhat (Usta laƙabin gwanin sana'a ne a nan), mai ɗinkin zanen rumfa a tsohuwar kasuwa. Labarinsa zan ba ku yau. Idan kun ji harshena da kaushi ku yi mini uzuri, don wallahi har yanzu raina bai huce ba.

Shekara hamsin yana harɗe a dakalin shagonsa, yana yanka ƙyallaye masu launi, yana jera su furanni a kan zane da allura. Cikin duk abin da ya ɗinka, guda ɗaya ne ya ƙi sayarwa: wani babban zane mai furanni arba'in, wanda ya yi a shekarar da ya auri matarsa Nabawiyya. Ta rasu shekara shida da suka wuce. Ba su haihu ba, zanen nan shi ne abin da ta bar masa.

Sai ga Dakta Medhat. Ɗan unguwar ne, a gaban Usta ya yi rarrafe. Amma tunda ya je Turai ya yi karatu ya dawo, ko sallama sai ya ga dama yake amsawa. Ya zo da murmushi ya ce a ara masa zanen na sati ɗaya, hoto kawai zai ɗauka.

"Ɗauka, ɗana," in ji Usta. "Amma ka kula mini da shi, hannun marigayiya na ciki."

Sati ɗaya ya zama shekara biyu. Duk sa'ad da tsohon ya je ofishinsa, sai a ce Dakta yana taro, ko ya yi tafiya. Usta bai taɓa ɗaga murya ba, sai ya ce Allah ya dawo da shi lafiya, ya juya.

Ranar nan wani maƙwabcinsa ya nuna masa sanarwa a waya. Wata cibiyar al'adun Turawa tana makon laccoci da baje koli, kuma a yammacin ranar Dakta Medhat zai gabatar da "zane mai shekara ɗari biyu wanda ba a san maɗinkinsa ba". Washegari za a tafi da zanen gidan tarihi a Turai.

Ku ji fa! Ba a san maɗinkinsa ba! Mutumin yana nan da ransa, yana shan shayi a bakin shagonsa.

Bayan la'asar Usta ya saka jallabiyarsa ta Juma'a ya nufi cibiyar. A bakin ƙofa aka duba takarda aka ce babu sunansa. Suna cikin haka Dakta ya fito, ya ja shi gefe.

"Baba, nan ba kasuwa ba ce. Taron masana ne, ko kalma ɗaya ba za ka gane ba. Je ka gida, zan neme ka."

"Zanena na zo ɗauka, Dakta. An ce gobe zai bar ƙasar."

"Ka gode wa Allah da na fito da shi daga ƙurar shagonka. Kai me ka sani game da shi?"

Ina tsaye a layi na ji wannan maganar. Katin gayyatata na mutum biyu ne. Da Dakta ya shige, na kama hannun tsohon na ce wa mai gadi baƙona ne.

Irin tarukan nan kun san yadda suke. Kowa da abin sawa a kunne, mai fassara kuma tana can cikin ɗan ɗakin gilashi. Duk abin da ya shiga makirfo, ita za ta juya shi, Larabci zuwa harshen baƙi, na baƙi zuwa Larabci. Na saka wa Usta nasa.

Zanen na rataye a bango, fitila na haska shi. Dakta ya ɗauki ɗan sanda ya nuna furannin: talatin da tara suna kallon sama, ɗaya tak a kife. A kan wannan fure ɗaya ya yi minti arba'in yana zuba. Wai wani waliyyi ne ya ɗinka shi, ya kifar da furen da gangan don ya nuna ƙasƙantar da kai. Turawa sai rubutawa suke yi. Ni ban ga laifinsu ba, abin da ɗan gari ya faɗa musu suka ɗauka.

Usta bai motsa ba. Sai da aka ce lokacin tambaya ya yi, ya ɗaga hannu, aka miƙa masa makirfo.

"Ba waliyyi ba ne, matata ce," in ji shi. "Muna amarci ta ce sai ta taya ni. Ta zauna tana fuskantata, ta ɗinka nata daga inda take. Na yi ta faɗa na ce ta ɓata mini aikin wata shida. Ta yi dariya ta ce, Shahhat, daga wajena daidai yake."

Dakta ya yi wuf ya juya harshe, ya ce wa baƙin tsohon godiya yake yi, tsufa ne ya ɗan taɓa shi. Sa'an nan ya sunkuyo ya ce da Larabci, ƙasa ƙasa:

"Zauna, tsohon banza! Kada ka kunyata ni gaban mutane."

Wawan ya manta akwai ƙaramin makirfo maƙale a kwalarsa. Ita kuwa mai fassara aikinta take yi. Maganar Usta ta riga ta shiga kunnen kowa, zagin ma ya bi bayanta, ko harafi ba ta rage ba.

Shugabar cibiyar, Madam Ingrid, ta miƙe.

"Dakta, ba abin da muka ji ke nan ba." Ta juya wajen Usta. "Malam, kana da shaida?"

"A juya zanen. Bayan furen akwai harafin farko na sunanta da koren zare. Ƙyallen kuma daga hannun rigarta ta yanko, yadin nailan ne. A tambayi Dakta ko akwai nailan shekara ɗari biyu da suka wuce."

Aka juya. Ga harafin nan, ɗan karkatacce, da koren zare. Madam Ingrid ta murza ƙyallen da yatsa, ta dubi Dakta. Shekara biyu zanen yana hannunsa, ko bayansa bai taɓa dubawa ba! Ya tsaya yana ta share gumi yana cewa ai dama bincike bai kammala ba. Wani daga baya ya ce, "Allah ya ƙara ilimi, Dakta!" aka fashe da dariya. Ni ko murmushi ban yi ba, don na ga idon tsohon ya cika da hawaye.

Madam Ingrid ta ba shi haƙuri a gaban kowa. Ta ce idan ya yarda a tafi da zanen, za a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe.

"Na gode, 'yata. Amma marigayiya ko Iskandariya ba ta taɓa zuwa ba sai da ni. Ba za ta fara yanzu ba."

Ya sauke zanen da hannunsa, ya ninke, ya rungume shi ya fita. Laccar Dakta ta biyu da aka shirya a ƙarshen makon, a ranar aka soke ta.

Jiya na bi ta shagon. Zanen na rataye a bayansa, amma ya juya shi, sama ta koma ƙasa. Na ce, "Usta, ai ka rataye shi a kife."

Bai ɗago daga allurarsa ba. Ya ce, "Talatin da tara ne a kife. Nata daidai yake."

Darasi: Digiri ba ya ba ka izinin taka wanda hannunsa ya yi aikin da kake cin suna da shi. Kada ka ji kunyar mutanenka don ka burge baƙi, kuma abin da aka ara maka, ka mayar tun kafin a karɓa a gaban jama'a. Ku tura wa duk wanda karatu ya sa ya daina gaida dattawan unguwarsu.