Irin da Tasalla Ta Bayar

An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun zamanin da jirgin ƙasa yake abin kallo. Sunanta Tasalla. Ku matso, jama'a, na baya su ji, yau da gishiri za mu fara.

Mahaifinta gishiri yake sayarwa, mahaifiyarta kindirmo. Wata rana tana ƙarama ta jiƙa gishiri a kasko, ta manta da shi a bayan rumbu. Da ta tuna, ruwa ya ƙafe, ga ƙwayoyi sun fito reras, kamar magini ne ya yanka su. Ta kwanta rub da ciki tana kallo har rana ta juya. Ta je ta ce, "Baba, wa ya koya wa gishiri tsayuwa a sahu?" Ya ce, "Allah." Ta ce, "To ina son in ga sahun daga ciki." Ya yi dariya, ya ce ta je ta taya uwarta wanke ƙwarya.

Ku saurara, tambayar nan ba ta sake ta ba har ta tsufa.

Ta yi karatu, ta yi nisa, har ta kai inda ake aiki da hasken nan na asibiti, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi in mutum ya karye. Ita ba ƙashi take ɗauka ba, ƙwaya take ɗauka. Kai, samarin can na gefe, ku daina murmushi, ba irin waccan ba! Ƙwaya irin ta gishiri, irin ta sukari, abin da ya daskare ya yi sahu. Takan ɗora ta a bakin allura, ta sake mata hasken, ya ratsa ta ya fantsama a kan fim. In aka wanke fim ɗin ba ka ganin komai sai ɗige-ɗige, kamar an watsa gero a baƙin zane. Daga ɗigon nan take lissafi, wata da watanni, har ta gano yadda Ubangiji Ya jera abin da ido bai taɓa gani ba. A lokacin masu wannan aiki ba su da yawa, mata kuwa sai ka yi ta nema. Ita takan ce kowace ƙwaya gida ce, da zaurenta da ɗakunanta, ita kuma baƙuwa ce mai sallama a ƙofa.

To akwai wani magani da ake tatsa daga saiwar wani itace, mai sauke zazzaɓin da ke ɗauke yara. Kaɗan-kaɗan ake samunsa. Masana suka ce in an san yadda gidansa yake daga ciki, za a iya haɗa shi da yawa. Tasalla ta sa wannan a ranta. Amma maganin ya ƙi yin ƙwaya. Ta jiƙa, ta ajiye, ta jira, ya zama danƙo. Ta sake jiƙawa, ta sake jira, danƙo dai. Shekaru suna tafiya, idonta ya fara dishi-dishi. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce ganin nan ba zai daɗe ba. Ta tsorata, jama'a. Abu ɗaya take roƙo a sujada: ta san gidan nan kafin idon ya rufe.

Sai wata safiya ta ɗaga kwalba a taga, ga wani abu yana ƙyalli a gindinta. Ƙwaya ɗaya tak, ba ta kai ƙwayar gero ba. Ta daɗe a tsaye, tana jin tsoron ko numfashi ta yi.

Labari ya bazu. Sai ga wani masani daga wani gari, Malam Jatau, shi ma shekaru yana fama da maganin nan. Yana da kayan aiki da ɗalibai fiye da ita, ƙwaya ce kawai ya rasa. Ku sani, a wannan aiki in ka jefa ɗan gutsuren ƙwaya a ruwan da ya ƙi daskarewa, sai ruwan ya kwaikwaye shi, wasu su fito. Shi ya sa suke ce masa iri.

Ya ce, "Malama, na zo da kunya. Iri nake roƙo."

Yayarta Dije, wadda ke zaune da ita, ta ja ta gefe. Ta ce, "Ke Tasalla, ashe karatu ba ya hana wauta? In kika ba shi, zai riga ki gamawa, sunansa za a kira. Ke kuma ga ido yana tafiya."

Ta ce, "Yaya, na sani."

"Kin sani, shi ne kike neman reza?"

Ta ce, "Yaya, da Inna tana raye, kin taɓa ganin maƙwabciya ta zo neman irin kindirmo an ce mata babu? Ai kasuwa ɗaya suke kaiwa."

Dije ta ce, "Wancan nono ne."

Ta ce, "Wannan kuma 'ya'yan mutane ne."

Ta sa reza, ta gutsuro masa. Ya yi godiya ya tafi.

Yanzu kuna jira in ce nan take aka buɗe mata ƙofofi. A'a. Hasken nan cin ƙwaya yake yi a hankali, tata kuma ta ragu. Kafin ta gama ɗaukar hotunan da take bukata, ƙwayar ta dushe, ta zama kamar toka. Ta so ta yi iri da ragowar, ya ƙi kamawa. Ido kuma ya ƙarasa rufewa. Suna zaune da Dije sai suka ji a rediyo ana yabon Malam Jatau, wai ya gano sirrin magani. Ba a ambaci Tasalla ba. Dije ta kashe rediyon. Tasalla ta yi kuka, don ita ma mutum ce. Da ta share hawaye ta ce, "Alhamdu lillahi, yara za su sha."

Bayan damina sai ga sallama. Malam Jatau ne, da wani abu lulluɓe da zane. Ya durƙusa ya ce, "Malama, an kira sunana, na yi shiru a kan naki, ki yafe mini. Gutsuren nan naki ya haifi ƙwayoyi cike da kwalba, duk abin da muka gano daga jikinsu ne. Ga siffar gidan maganin, mun ƙera ta da waya da duwatsun ado."

Ya ɗora mata a cinya. Ta sa yatsu tana lalube. A hankali, a hankali. Tana murmushi, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai mafarki: "Ga zaure. Ga tsakar gida. Au, ashe akwai ɗan ɗaki a nan baya, shi ya ɓatar da ni." Dije ta juya fuska tana goge ido. Tasalla ta kai ƙarshen wayar, ta dafa ta, ta ce, "Salamu alaikum. Na daɗe a ƙofa."

Jama'a, ku duba. Ragowar da ta riƙe ta zama toka, gutsuren da ta bayar shi ya rayu, shi ya dawo ya zauna a cinyarta. Da ta hana, da babu magani, babu gida, babu komai. Abin da ka bayar don Allah shi ne naka.

Kai mai ɗinki da ke juya wa yaronka baya in za ka yanka wuya, ke mai haɗin turare da ko 'yarki ba ki nuna wa ba, kai malami da ke ɓoye littafi don kada a kamo ka, ido yana rufewa, hannu yana rawa, kowa zai kai nan. In an zo neman iri, ku bayar. Allah Ya sa mu bayar tun muna gani.