Randa Mai Karkataccen Baki

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, an yi wani sarki a Birnin Zarƙan mai suna Nadabo, wanda mutanensa duka ke sha daga wata randar tsafi da ba ta taɓa ƙafewa ba, har ranar da aka wayi gari ta tsage. Masu duba suka ce sai a gina wata. Amma suka yi gargaɗi cewa aljani zai shiga cikin magina da siffar mutum, in kuwa tasa aka girke, ruwan zai koma ƙasar aljanu har abada.

Sarki ya kira Iya Tabawa, tsohuwar maginiyar da wutar gashin tukwane ta cinye wa babban yatsa, shi ya sa bakin tukwanenta ke karkacewa. Ya ce, "Ya uwar magina, ƙarfinki ya ja baya. Koyar da ɗalibai arba'in, har da 'yata Zulai, ki zaɓo mini randa ɗaya."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na ji, na karɓa."

Tun daga ranar Iya ba ta ƙara yarda da kowa ba. Wanda ya yi atishawa ma sai ta leƙa ƙafarsa ko kofato ne. Zarginta ya fi sauka kan Barmo, saurayi mai shegen tambaya. A ce ya gina tulu, sai ya yi masa wuyan zalɓe, ga gimbiya na taya shi da dariya. Sallau kuwa ɗan lelenta ne, abin da ta yi shi yake yi.

Ran fitar da randuna daga wutar gashi, Iya ta riga ta ƙudura miƙa Barmo ga dogarai. Tana shafa randunan ɗaya bayan ɗaya, sai dungun yatsanta ya zauna daram a karkataccen bakin randar Sallau, kamar ita ta gina.

Ta ce masa, "Ɗana, buɗe hannuwanka." Yatsu goma cif. "Ni rashin yatsa ya karkata mini bakin tukunya. Kai mene ne ya karkata maka? Ga yumɓu, gina mini abin da ba ka taɓa gani ba."

Sallau ya juya yumɓu, ya sake juyawa, ya kasa, domin aljani kwaikwayo kaɗai ya iya. Nan take ya kurma ihu, ya zama hayaƙi.

Kunya ta kama Iya ƙwarai. Ta ɗauko randar Barmo mai kunnuwa uku, aka girke, ruwa ya ɓuɓɓugo har ya malala zaure. Zulai da bakinta ta ce Barmo take so, aka kwana bakwai ana biki.

Daga nan duk ɗalibin da ya kawo wa Iya tukunya irin tata sak, sai ta dagargaje ta, ta miƙa masa sabon yumɓu.