Madatsar Ruwan Alhaji Ɗanliti

A garin Bebeji an yi wani attajiri da ake kira Alhaji Ɗanliti. Da cinikin hatsi ya fara, yana bin kasuwannin Kiru da Tudun Wada da buhu biyu a bayan keke, har Allah ya buɗa masa ya mallaki rumbuna da motocin haya tara masu jigila a hanyar Kano. Mutum ne mai kyauta, ba ya danne haƙƙin ma'aikaci. Aibinsa guda ɗaya ne: ba ya son a ce masa a'a. Tunda da dabararsa ya tashi daga keke ya hau mota, sai ya ɗauka duk dabarar da ba daga kansa ta fito ba shirme ce.

Wannan hali ya fi fitowa in zai ɗauki ma'aikaci. Ba ya duba takarda, ba ya tambayar inda mutum ya taɓa aiki. Sai ya zaunar da shi, ya kawo wata magana, ya zuba masa ido. Wanda ya ce "haka ne, Alhaji" ya sami aiki. Wanda ya ce "amma" sai a ba shi kuɗin mota. Da haka ofishinsa ya cika da mutum goma sha biyu, 'yan unguwa ɗaya, tashin kasuwa ɗaya, tunani ɗaya. Babbansu shi ne Balarabe, wanda kan gyaɗa kai tun kafin Alhaji ya rufe baki.

A shekarar 1987 Alhaji ya sayi wani makeken fili kusa da Riruwai, a gindin duwatsu. Niyyarsa ya tare wani kwari ya yi madatsar ruwa, ya kawo shanun Turai masu yawan nono. Motoci shida ya sayar saboda wannan aiki. Ya ɗora ɗan ƙanwarsa Rufa'i, wanda ya gama makarantar koyon aikin gona, a kan kula da wurin, ya ce masa ya ƙara mutum biyu a kan su Balarabe.

Rufa'i ya yi mako uku yana tankaɗe da rairaya. Duk wanda ya zo neman aiki sai ya zagaya da shi filin, ya gaya masa shirin, sannan ya tambaye shi, "Ina ka ga za mu yi kuskure?" Waɗanda suka ce babu kuskure ya sallame su. Daga ƙarshe ya ɗauki Maikano, wani dattijo da ya shekara talatin yana haƙar kuza a duwatsun nan, da Mudi, wani Bafulatani da ya tashi yana kiwo a gefen dajin Falgore.

Ranar da Alhaji ya zo duba aiki, aka taru a ƙarƙashin wata ɗorawa. Ya nuna kwarin da sandarsa, ya ce nan katafila za ta fara ranar Litinin. Su Balarabe suka amsa da cewa wuri ya yi. Sai Maikano ya gyara zama ya gaida Alhaji.

"Ranka ya daɗe, wannan kwarin ba zai riƙe ruwa ba. Ƙarƙashinsa duk ramukan kuza ne, wani ya shige cikin wani. Da hannuna na haƙa wasu. Bakinsu kawai aka cike, cikinsu yana nan. In aka matsa gabas, bayan wancan dutsen, ƙasar a cike take."

Alhaji bai ko dube shi ba. Kafin ya yi magana Mudi ma ya sa baki.

"Alhaji, ni kuma shanun nake ji. Nan kusa da daji ne, akwai tsando. In ya cije su sammore zai kama su, saniya ta yi ta ramewa har ta kwanta. Namu farare sun saba, suna ɗan jurewa. A fara da namu, a kawo bijimin Turai biyu a haɗa iri."

Ran Alhaji ya ɓaci. A gaban mutanensa, a cikin filin da ya saya da guminsa, leburan kuza da makiyayi suna gyara masa zance. Ya juya wurin Rufa'i.

"Waɗannan ka ɗauko mini?"

"Su ne, Kawu."

"Ma'aikata na ce ka kawo, ba masu gardama ba. Ka sallame su yau."

Rufa'i ya miƙe tsaye, ya sunkuyar da kai don ladabi. "Kawu, ba zan sallame su ba. Mutum goma sha biyu kake da su, dukkansu abin da ka gani shi suke gani. In ka yi daidai sun yi daidai, in ka kauce duk kun kauce tare. Ni na karanta aikin gona, amma ban taɓa shiga ramin kuza ba, ban taɓa jinyar saniya a daji ba. Abin da ni da kai ba mu sani ba, shi na nemo maka."

"Da nake tara dukiyar nan, wa ya nemo mini?"

"Hatsi ka sani, Kawu, babu mai ja da kai a kansa. Wannan ƙasa ce da ruwa da dabba."

Alhaji ya buga sandarsa a ƙasa. "To, ko su tafi, ko ku tafi ku uku."

Rufa'i ya ciro makullan sito daga aljihu, ya durƙusa ya ajiye su a gaban kawunsa. "Na gwammace ka yi fushi da ni yau da in taya ka binne dukiyarka." Maikano ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Alhaji. Amma rami ba ya jin tsoron mai kuɗi." Suka kama hanya su uku, ba wanda ya waiwayo.

Alhaji ya miƙa wa Balarabe makullan. A ransa ya ƙudura sai ya nuna musu. Da mahaifiyar Rufa'i ta zo ba shi haƙuri, cewa ya yi, "Ki gaya wa ɗanki ya zo ya sha nono in an fara tatsa."

Katafila ta yi wata biyu tana aiki. Damina ta sauka da ƙarfi, kafin ƙarshen watan Agusta kwarin ya cika ya batse. Aka kawo shanu sittin, baƙaƙe da roɗi-roɗin fari, mutanen ƙauyuka suna zuwa kallo. Alhaji ya yanka raguna, ya tsaya a kan madatsar yana duban ruwan, ya ce wa Balarabe, "Ina mai ramuka?" Aka yi dariya.

Da kaka ta yi, shanun suka fara ƙin ciyawa. Gashinsu ya tashi, idanunsu suna zubar da ruwa, haƙarƙarinsu ya fito. Duk ranar da Alhaji ya tambaya, sai Balarabe ya ce canjin wuri ne, za su ware. Kafin a kira likitan dabbobi, goma sha huɗu sun mutu, da likitan ya zo kuma ya ce sammore ne, sauran ma ciwon ya ci jikinsu.

Ana cikin wannan, wata Laraba da hantsi, aka aiko Bebeji cewa Alhaji ya zo maza. Da ya iso ya tarar da ruwan yana juyawa a tsakiya kamar ana dama fura, yana shigewa ƙasa da wani irin gurnani. Gefen madatsar ya rufta, ya tafi da ɗakin injin ban ruwa. Cikin kwana uku babu abin da ya rage sai taɓo da kifaye suna mutsu-mutsu, da wani baƙin rami mai faɗin ɗaki.

Alhaji ya tara mutanensa a bakin ramin. "Duk cikinku babu wanda ya ga alama?"

Sai Balarabe ya ce, "Mun gani, Alhaji. Wata guda ke nan ruwan yana raguwa taku ɗaya kullum. Akwai ma inda ƙasa ta tsage."

"Me ya hana ku faɗa?"

"Mun ga abin da ya sami waɗanda suka faɗa."

Alhaji ya juya wurin mutanen nasa. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Babu maƙiyinsa a ciki, kuma shi ya zaɓo kowannensu da kansa.

Bayan mako biyu ya shirya ya tafi Dangora, inda ya ji Rufa'i yana jagorantar gonar wata ƙungiyar manoma. Tun daga bakin rumfar taro ya jiyo hayaniya. Maikano yana cewa a haƙa rijiya a arewa, Mudi yana cewa nan ne burtalin shanu, wata mata mai suna Barakatu, wakiliyar masu sayar da nono, tana cewa duk su biyun sun manta da nisan da mata za su yi. Rufa'i yana zaune yana saurare. A bayan rumfar ga masara an girbe, ga 'yan maruƙa suna tsalle. Da ya hango kawunsa ya taso da sauri ya durƙusa ya gaishe shi.

Alhaji ya ce, "Ka dawo. Akwai sauran shanu ashirin, da filin gabas."

"Zan dawo, Kawu, amma da su. Kuma in an zauna shawara, kowa zai faɗi abin da ya gani, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba."

Alhaji ya san gaskiya yaron ya faɗa, ya kuma san in ya amsa gonar za ta tashi. Amma ya tuna zai zauna Maikano ya ce masa "ba haka ba ne" a gaban jama'a, sai ya ji ba zai iya haɗiye wannan ba.

"Ni Ɗanliti ba a gindaya mini sharaɗi a kan dukiyata."

"To, Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Ni ma ba zan iya zama inda za a rufe mini baki ba."

Alhaji ya juya ya shiga mota. Kafin wata damina sauran shanun sun ƙare, filin kuma ya sayar da shi da arha, don babu mai son ƙasa mai rami. Su Balarabe suka watse ɗaya bayan ɗaya. Har ya tsufa, in aka tayar da zancen, cewa yake sammu aka yi masa. Mutane sukan yi shiru su bar shi, domin ya riga ya koya wa kowa kada a gaya masa gaskiya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda Allah ya ba ikon ɗaukar ma'aikata, kada ya tara masu kama da shi kaɗai. Mutum goma masu tunani ɗaya, mutum ɗaya ne ya ci albashin goma. Nemi wanda ya bi hanyar da ba ka bi ba, ya san abin da ba ka sani ba, ko da ba shi da takarda, ko da maganarsa za ta yi maka ɗaci. In ka same shi kuma, ka bar shi ya yi magana, domin ranar da ka kori mai cewa a'a, ranar ka koya wa sauran yin shiru. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.